Idon Mai Farar Mota

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zauna a tsakiyar taron biki, cikin sabuwar shaddata mai sitaci, na karkace wuya ina juya ido kamar wanda ake yi wa ruƙiyya ba. In kun ga dama ku yarda, in kun ga dama ku ce na fara zuƙin nawa. Akwai bidiyo. Yana cikin wayar kusan duk wata mace da ke Ƙofar Durbi, kuma abin takaicin, in wayoyin nan suka lalace wurina ake kawo su gyara (wato da hannuna nake ceto hujjar da ake yi min dariya da ita).

Bari in fara gaya muku ko ni waye, don ku san daga inda ɓarnar ta taso.

Ina da ɗan shagon gyaran waya a Ƙofar Marusa. Hannuna yana da kyau, wannan ko maƙiyina ya sani. Matsalar daga wuya zuwa sama take. Kaina kamar tashar mota yake ranar jajiberin sallah: kowace mota tana kiran fasinja, babu wadda ke tashi. Sai in kwance wayar wani, kafin in gama in kwance ta wani, in bar su duka a buɗe in fita sayen dalmar liƙi, in dawo da tattabaru biyu a kwali, babu dalma. Idona ma haka. Ba ya zama wuri ɗaya. Inna takan ce tun ina jariri, in tana shayar da ni, bakina na wurinta idona na bakin ƙofa yana duba wa zai shigo. A makaranta malamai sun ce rashin ji ne. Da na girma aka ce rashin natsuwa. Wata tsohuwa a layinmu ma ta taɓa cewa ido irin nawa a kasuwa ake ganinsa, kusa da aljihun mutane.

To da yake mutum ba ya rasa dabara, sai na ƙirƙiro tawa. In ana yi min magana hankalina ya tsere, sai in riƙa gyaɗa kai ina jefa “Ƙwarai kuwa,” ko “Haka ne,” in na ga fuskar mutum ta yi nauyi in ce “Allah ya kyauta.” Da waɗannan na yi shekaru ina cin abinci a garin nan. Sau ɗaya dai abin ya taɓa ba ni kunya, ranar da wani maƙwabcinmu ya ce min matarsa ta haifi namiji, na ce Allah ya kyauta.

Sai Rukayya ta shigo rayuwata da waya mai fasasshen sikirin.

Malamar firamare ce, kuma kun san malaman firamare, daga nesa suke gane wanda jikinsa ke aji hankalinsa na filin ƙwallo. Ba mu yi nisa da fara zance ba ta gano ni. Rannan tana ba ni labari na jefa mata “Ƙwarai kuwa” a inda bai dace ba, ta tsaya ta dube ni ta ce, “Ka ga, ni ba rediyo ba ce. Duk ranar da na sake kama ka kana yi min ƙwarai kuwa ɗin nan na ƙarya, ka nemi wata.” Ku riƙe wannan maganar, za ta yi amfani a gaba.

Magana ta yi ƙarfi, manyana suka je tambaya. Mahaifinta, Alhaji Lawal, ya karɓe su hannu bibbiyu, amma ya ce kamar yadda aka saba, shi ba ya bayar da ɗiyar cikinsa da bakinsa. Wannan hurumin ƙanensa ne da ke aiki a Fatakwal. Sai ya zo ya ga yaro, in ya gamsu shi zai sa rana, shi ne kuma waliyyi. Ni da aka kawo min labari, na ji “baffanta,” sai kaina ya zana min hoto nan take: tsoho mai furfura, da carbi, da goro a kumatu. Na adana hoton nan a raina ban sake dubawa ba.

Wata ranar Laraba bayan la’asar na je zance. Muna zaune a zaure, Rukayya ta gyara mayafi ta ce, “Yau ina so ka ba ni hankalinka gaba ɗaya. Magana ce mai muhimmanci.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, naki ne har da kwalinsa.”

“Ka san ranar Asabar bikin Hadiza, ’yar gwaggona…”

Wallahi har nan ina tare da ita. Sai ga wani ƙadangare a bango, mai guntun bindi. Na ce a raina, wa ya cire masa? Mage ce ko yara? Wai in ya fita wani yana fitowa. To me ya sa ɗan adam in ya rasa yatsa ba ya fitowa? Daga yatsa na tuna Malam Sule kafinta mai yatsu tara, daga Malam Sule na tuna bencin shagona da ke rawa, daga benci na tuna ban kashe ayan ɗin dalma ba, ko na kashe? Ina cikin kashe gobarar da ta cinye Ƙofar Marusa baki ɗaya a raina, sai na ji muryarta daga nesa kamar ana kirana daga cikin rijiya:

“…to ka yi min alkawari?”

Idonta a kaina, har ya ɗan kawo ruwa. Me za ku ce in ku ne?

Na dafa ƙirji na ce, “Na yi.”

“Ka tabbata ka gane?”

“Ƙwarai kuwa.”

Ta yi ajiyar zuciya ta ce Allah ya yi min albarka, dama ta san ni mai fahimta ne. Na hau babur na taho gida ɗauke da alkawari kamar ɗan aike ɗauke da ƙulli: na san yana da nauyi, ban san me ke ciki ba. Tambaya kuwa ba ta taso ba. In na tambaya na tona kaina, in na tona kaina in nemi wata.

Washegari da rana ina bakin shago, sai ga wata farar mota ta zo wucewa a hankali, irin motar nan da ba ka jin kukanta sai ƙamshinta. Na kai ido (aikin idona kenan), wa zan gani a gidan gaba? Rukayya. Tana dariya har da rufe baki da mayafi, irin dariyar da na ɗauka ni kaɗai ke da lasisin fito da ita. Mai tuƙin kuwa wani dogon mutum ne, sa’ana ko ya ɗan girme ni kaɗan, da farin gilashi, da farin yadi wanda ko layin zama babu a jikinsa, da agogon da ya haska min ido daga tsallaken titi. Na dubi kaina: singileti, da tabon dalma a wando.

Ɗanliti, mai sayar da caja da gidan waya a shagon da ke jikin nawa, abokina ne tun yarinta, kuma in gidanka ya kama da wuta shi ne zai fara isowa da fetur. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Mutumina, ba madam ba ce waccan?”

Na ce, “Mai kama da ita ce.”

“Har mayafin da ka saya mata da sallah ma mai kama da shi ne.”

Na zaro waya na kira ta. Ta ɗauka da fara’arta, ina jin sanyin iyakwandishan har a kunnena. Na ce, “Kina ina?”

Ta rage murya ta ce, “Ina tare da shi mana, ai na gaya maka jiya. Kai dai ka tuna alkawarinka. Sai anjima.” Ƙit.

Jama’a, wato alkawarin nan da na ɗauka a kan mutumin nan ne! Me na amince da shi? Na gaya wa Ɗanliti komai, har da ƙadangaren. Ya zauna a bencina mai rawa, ya gyara zama kamar mai nazarin littafi, ya ce, “Abin a fili yake. Cewa ta yi ta samu wanda ya fi ka, ka haƙura, ka kuma yi alkawarin ba za ka tayar da hankali a wurin biki ba. Kai kuma ka ce ƙwarai kuwa.”

“Da haka ne ai ba za ta sa min albarka ba.”

“Kai in ka samu wanda ya bar maka budurwa kyauta ba za ka sa masa albarka ba?”

Daga wannan lokacin zuwa Asabar ban gyara wayar kowa daidai ba. Na sa wa wani direba sifikar wayar wani liman. Duk farar motar da ta gifta sai na miƙe, har motar asibiti. Na auna kaina da mutumin nan ta kowace fuska, ban ci ko ɗaya ba sai a surutu. Shi yana da iyakwandishan, ni ina da iskar Allah a kan babur. Shi in ya zauna yadinsa ba ya yamutsewa, ni ko a tsaye nawa yamutsewa yake. Kishi ya sa har na fara jin haushin gilashinsa. Na gwada na wani kwastoma a madubi in ga ko zan yi kama da masu ilimi, sai na yi kama da mai gyaran agogo.

Ranar Asabar na sa shaddar da na ɗinka don ranar sa ranata, na ɗauki Ɗanliti a baya, muka nufi Ƙofar Durbi. An riga an ɗaura auren Hadiza, an kafa rumfa a ƙofar gida, kujerun roba, ana ta rabon shinkafa, mai bidiyo yana kewayawa kamar shaho. Muka samu wuri muka zauna. Ban ko buɗe robar abincina ba na hango shi. Yana sahun gaba, cikin dattawa, kafaɗa da kafaɗa da Alhaji Lawal.

Na ce, “Ɗanliti, dubi inda aka zaunar da shi.”

Ya ce da shinkafa a baki, “Farar mota ce. Da jirgi ya zo da shi a kan cinyar Alhaji za a ɗora shi.”

Can sai ’yan mata ƙawayen amarya suka fito bakin ƙofa ɗaukar hoto, duk cikin anko, Rukayya a tsakiya ta fi kowa haske (ba don tawa ba ce, ku duba bidiyon). A daidai lokacin mutumin ya cire gilashinsa yana gogewa da hankici. Ya ɗan karkatar da kai gefe, ya fuskanci inda take. Nan na ga abin da ya kusa tsayar min da zuciya. Ƙwayar idonsa tana tafiya dama, hagu, dama, hagu, da sauri-sauri, kamar yana ce mata zo nan, zagayo ta can, mu haɗu a baya. Har fatar idon tana ɗan ƙiftawa. A gaban ubanta! A gaban liman!

Ita kuma, maimakon ta tsuke fuska, sai ta yi murmushi ta ɗaga masa hannu. Ba ta tsaya nan ba. Ta nuno ni da yatsa, a fakaice, kamar mai cewa ga shi can.

Mutumin ya juyo. Ya karkace kai, ya dube ni ta gefen ido, ƙwayar idon tana ta rawa, yana wani murmushi mai sanyi.

Ɗanliti ya zungure ni. “Kai yake yi wa fa. Gwalo yake maka da ido.”

To ni duk abin da za a yi min a duniya a yi, amma ban da gasar ido. Ni da Allah ya hore wa idon da bai taɓa hutawa ba tun ranar suna, wani ɗan Fatakwal ko ɗan ina ne zai zo har Katsina ya gwada min? (Ban ma san daga Fatakwal yake ba a lokacin. Da na sani ai da labarin nan bai samu ba.) Na ajiye robar shinkafa. Na gyara hula. Na karkace wuyana daidai yadda ya karkace nasa, na zuba masa ido, na fara kaɗa su dama da hagu.

Murmushinsa ya ɗauke. Ya kawar da kai.

Na ce a raina, ɗaya da nema. Na ja kujerata gaba.

Ya sake waiwayowa, ƙila don ya tabbatar ba gizo idonsa ya yi masa ba. Na ƙara wuta. Wannan karon har da kafaɗa na haɗa, da ɗan kashe ido ɗaya a ƙarshe, kamar sa hannu. Wani dattijo da ke kusa da ni ya janye kujerarsa yana karanta Ayatul Kursiyyu ƙasa-ƙasa. Mai bidiyo ya bar amarya ya juyo da kyamara kaina. Hayaniyar rumfa ta fara raguwa daga gaba zuwa baya, kamar an bi layi ana kashe rediyo.

Na saci kallon Rukayya. Ta zaro ido, ta ciji yatsa, tana girgiza min kai, tana yi min alama da hannu in bari, in bari. Mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa abin da na gani shi ne tana kare masoyinta. Na miƙe tsaye, sitacin shaddata yana ƙara, na taka har gaban sahun dattawa, wuyana har yanzu a karkace don na manta ban miƙar da shi ba, na ce da muryar da ta kai har layi na gaba:

“Malam, in ido ne kowa yana da shi. Ka yi wa motarka, amma yarinyar nan an riga ka. Manya sun shiga maganar, baffanta kawai ake jira!”

Kowa ya ajiye cokalinsa.

Alhaji Lawal ya ɗago ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya ce, “Kai yaro, mi kake yi haka? Lahiyarka ƙalau?”

Na durƙusa rabi na ce, “Baba, a gafarce ni, amma tun ɗazu wannan bawan Allah yake yi wa Rukayya inkiya da ido.”

“Wanga?” Ya dafa gwiwar mutumin. “Wanga ai Kabiru ne, autanmu. Shi ne baffan da ake jiran.”

Kun taɓa ganin waya ta faɗa ruwa? Ba ta mutuwa nan take. Sai ta ɗan yi haske, ta yi rawa, sannan ta ɗauke. Haka na yi. Tsohon nan mai furfura da goro da na ajiye a raina ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fice, ya bar ni da saurayi mai farar mota. Ashe kakan Rukayya a tsufansa ya haifi autan. A karo na farko tun da aka haife ni, idona ya tsaya cak wuri ɗaya: a kan babban yatsan ƙafata.

Daga bakin zaure wata gwaggo ta leƙo ta ce, “Shi ne mai gyaran wayar? To shi wa zai gyara shi?”

Na waiwaya neman Ɗanliti. Kujerarsa wayam. Ya tafi, kuma ya tafi da robar shinkafata.

Baffa Kabiru ya mayar da gilashinsa a nutse. Alhaji ya buɗe baki zai fara faɗa, sai Baffa ya ce, “Bar shi, Yaya. Tun ina firamare yara ke kwaikwayona. Amma tsakani da Allah ban taɓa ganin wanda ya iya kamar wannan ba.”

Dariyar da aka yi ta fi mari ciwo. Ban san yadda na isa wurin babur ɗina ba. Na dai san na yi ta buga shi ya ƙi tashi, sai da wani ya ce min, “Malam, ba naka ba ne.”

Rukayya ta daina ɗaukar wayata. Na aika saƙo har yatsana ya yi kanta. Da ƙyar rannan ta ɗauka, muryarta a dishe. Ta ce, “Ka san me na gaya maka ranar Laraba? Na ce Baffa zai zo biki, kuma kai zai zo gani. Na ce da rawar ido aka haife shi, ba shi ke yi ba, ba kuma ya iya tsayar da shi, shi ya sa yake karkata kai don ya fi gani sosai. Na ce babu abin da ya tsana kamar a ƙura masa ido. Na ce na san ka da barkwanci, ka yi min alkawari ba za ka kalle shi da yawa ba, ba za ka yi wasa da abin ba. Abu ɗaya na roƙe ka. Kana ina lokacin da nake magana?”

Ƙarya ta ƙare min. Na ce, “Ina wurin ƙadangare.”

Ta kashe wayar.

Nan fa na san aure na shirin kufce min, ba don farar mota ba, don bindin ƙadangare. Na lallaɓa wurin kawuna, ya wanke ni tas, sannan ya sa babbar riga ya je ban haƙuri. Ya dawo ya ce Baffa Kabiru ya ce ba ya son wakili, mai idon yake son gani.

Na je da safe. Na same shi a zaure a kan darduma yana shan shayi. Na zube na kwashi gaisuwa tun daga kwana har gajiyar biki har mutanen Fatakwal, idona a ƙasa. Ya ce, “Ɗago ka dube ni. Ai ka riga ka gama kallon, saura me?”

Ya fara magana a kan aure, da haƙuri, da riƙon amana. Na tattara duk ƙarfina na ɗaure hankalina kamar akuya a turke. Ina ji, ina ji… sai ga zare ya fito daga gefen dardumarsa. In aka ja shi, duka za ta warware ko tsayawa zai yi?

“Me na ce yanzu?”

Kafin in kama bakina maganar ta riga ta fita. “Ƙwarai kuwa.”

Na jira ya kore ni. Sai ya ajiye kofi ya yi dariya har da tari. Ya zaro makullin motarsa ya ɗaga a gabana ya ce, “Kalli wannan. Kar ka ɗauke ido sai na ce.” Na kalla. Wallahi na kalla. Amma idona ya je taga ya dawo, ya je kofin shayi ya dawo, ya leƙa agogonsa (har yanzu ina jin haushin agogon nan) ya dawo.

Ya sauke hannu ya ce, “Ni rabin rayuwata a layin likitocin ido na yi ta, na ga iri-iri. Nawa a ido ya tsaya. Naka ina zaton daga ciki yake tasowa. Ka ji ni da kyau, in ma za ka iya. Kwaikwayona da ka yi ba zai sa in hana ka aure ba, na saba. Kishin ma ban ƙi ba, alama ce kana so. Abin da nake tsoro shi ne ɗiyata ta ƙare rayuwarta tana magana da bango, bangon yana ce mata ƙwarai kuwa. Ka je ka ga likita kafin in koma. In ka je, mu yi maganar rana. In ba ka je ba, ka bar min ɗiya.”

Wannan kam na ji shi duka, babu ƙadangaren da ya isa.

Na je asibiti. Likitan ido ya haska ni ya ce idona garau, ya tura ni wurin wata likita a ɓangaren da nake jin tsoron a gan ni a bakinsa. Na ce mata, “Likita, ni fa ba mahaukaci ba ne.” Ta ce ta sani, in zauna. Ta yi min tambayoyi har na gaji, ta ce in zo da wanda ya san yarintata. Na kawo Inna. Wani kuskuren kenan. Inna ta samu mai sauraro, ta kwashe tarihina kaf ta zazzage, har ranar da aka aike ni niƙa na dawo da ɗan kwikwiyo. A ƙarshe likitar ta ce abin yana da suna, matsalar tattara hankali ce, kuma ba yara kaɗai ke da ita ba. Da yawa da ita suke girma, ana ce musu marasa ji ko marasa natsuwa. Ta ce masu irin wannan sau da yawa idonsu ma yakan yi ta tsalle in an ce su tsayar da shi wuri ɗaya, ko da yake ba da ido kaɗai ake ganewa ba. Ta ce ba irin na Baffa ba ne ko kusa. Ta ɗora ni a kan magani, ta ce in riƙa kwance waya ɗaya in gama kafin in taɓa wata, in an gaya min magana mai muhimmanci in maimaita ta da bakina, in kuma hankalina ya tsere in buɗe baki in ce ban ji ba.

Inna ta ce, “Wato duk dukan da na yi masa a banza?” Likita ta ce kusan haka. Har yau Inna ba ta ba ni haƙuri ba.

Rukayya ta sauko a hankali, da sharaɗin duk maganar da ta yi sai na biya mata kamar hadda. Baffa ya sa rana. Kishinsa kuwa bai bar ni ba, salo ya canza. Mutum idonsa na rawa dare da rana, amma in ka gaya masa magana bara, bana zai maimaita maka har da inda ka yi tari. Ga shi kuma duk abin da na ce sai Rukayya ta ce, “Ai Baffa ma ya ce…” Da saurayi ne da na san yadda zan yi da shi. Baffa fa? Baffa ba ya sakuwa.

Darasin da na koya dai shi ne: “ban ji ba, maimaita” kunyarsa ta minti ɗaya ce, “ƙwarai kuwa” kuwa tana iya kai ka bidiyo. Sannan in ka ga budurwarka a gaban mota, kafin ka auna agogon direba, fara tambayar yadda suke da kakanta.

Ranar ɗaurin aurenmu na sha maganina tun da safe, na zauna a bayan kawuna, wanda shi ne wakilina, na rantse a raina yau ko wasali ba zai wuce ni ba. Baffa Kabiru yana gaba a matsayin waliyyi. Liman ya gyara lasifika ya fara huɗuba. Ina ji. Kawu ya gyara zama zai nemi aure. Ina ji. Sai na hango mai bidiyon nan, shi dai na rannan, ya saɓa kyamara ya nufi cikin gida inda amarya take. A bakin zaure ya tsaya ya gyara hula. Ya zaro turare ya fesa. To don me? Mai ɗaukar hoto da turare, kyamarar ce ke shaƙa? Wa ma ya ce namiji ne zai ɗauki amarya, duk matan da suka iya kyamara a Katsina sun ƙare? Kuma da wa ya yi wannan murmushin?

Ina dawowa na ga jama’a suna shafa fatiha, maroƙi yana ta kwarara kirari, hannaye sun yo kaina ta ko’ina. Na kamo rigar Ɗanliti na raɗa masa (raɗata kuwa ana jinta daga Ƙofar Marusa), “Kai, an ɗaura ne?”

Baffa Kabiru ya juyo. Ya karkace kai, ya dube ni ta gefen gilashi, idon nan yana ta rawarsa, ya ce:

“An ɗaura, ango. Ni mai rawar ido na ga aurenka da idona. Kai mai lafiyayyen ido sai ka jira bidiyo.”